Dabaibayi

A Wad Madani, daren da aka ɗauke wuta,
na buɗe adakar kakana Tanimu
ina neman takardar gida.
Ban same ta ba.
Ƙamus na samu, na Turanci, bango ya ɓalle,
gara ta faro shi daga baya,
ta ci rabi, ta ƙoshi, ta bar mini farkon.

Can a shafi na talatin da wani abu
ga kalma guda ya ja wa layi da jan fensir,
ya ja, ya sake ja, har takarda ta huje.
Harufa bakwai.
A gefenta an zana 'yar ƙaramar wuƙa,
alamar da masu ƙamus kan yi wa kalmar da ta mutu.

Da safe na kai wa Sitti Ihsan,
tsohuwar malama, mai shan kofi da citta.
Ta goge tabarau da bakin mayafi.
Ta ce, wannan ai masu ita ma sun manta ta.
Da can, in mutum ya kai sunan wani gaban hukuma,
ya ce ga mai laifi,
da ita ake faɗin abin da ya yi.
Ƙanwarta ce ta rage a raye,
wadda ake tsige masu mulki da ita.

Na ce, daga ina ta fito?

Ta ce, daga bakin Faransawa ta haye ruwa,
su kuma a wurin Rumawa suka gada.
In ka tone ta har saiwa
ba alƙali a ciki, ba shaida, ba rantsuwa.
Ƙafa ce kawai,
da abin da ake ɗaure ƙafa da shi.

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ashe nesa ta zo kusa.
Mu ma da muke cewa zargi,
ba zarge ba ne, madaukin igiya?
Su a ƙafa, mu a wuya.
Ko'ina aka je, mai tukka ɗaya ne.

Kakana a ƙasa ya taho daga Haɗeja,
Makka ya nufa.
Ya tsaya a Barakat ya nemi kuɗin jirgin ruwa,
kaka biyu, ya ce, ko uku.
Allah ya ba shi kunne,
ya zama tafinta a wurin awon auduga.
Sai wata ranar Talata Hojali mai sikeli ya ce
buhu goma sha ɗaya sun ɓace
tsakanin harshen Bature da na manoma,
kuma mutum ɗaya ne ke tsaye a tsakanin.

Ba a kai shi kotu ba.
Ba a daure shi ko na wuni ba.
An dai daina ba shi ajiya.
In ya shigo, hira ta koma maganar ruwan sama.

Kakata Gwamma ta ce, mu wuce, ga guzuri ya cika.
Ya ce, in na tafi yau, za a ce gudu na yi.
Bari a wanke ni tukuna.

Shekara talatin da ɗaya.
Bature ya koma gida. Hojali ya mutu.
Ayari bayan ayari ya raka su tasha,
ya ba su saƙon addu'a,
ya juyo yana jan silifa,
ni kuwa ina yaro, na ɗauka tsufa ne.

A ƙasan adakar akwai ƙullin tsumma.
Na kwance.
Kuɗin jirgin ne, cif, ba ko sisin da ya taɓu,
irin kuɗin da yanzu ko gyaɗa ba za su saya ba.

Na mai da ƙamus, na rufe.
Sun ce kalmar ta mutu.
To, Allah ya ji ƙanta.
Igiyar fa, wa ya ga gawarta?